Daga Filin Tseren Mota Zuwa Gonakin Karaye Da Rogo: Batun Kejin Ƙarfe

Wanda duk ya taɓa kallon tseren motoci a majigi ko a talabijin ya san abin mamakin da kan faru a can. Mota za ta kwaso da gudu, ta kuɓuce wa mai ita a kan kwana, ta yi adungure sau uku ko sau huɗu, gilasai na tarwatsewa, taya na tashi sama, har mai kallo ya kau da kai yana salati. Ƙura na lafawa sai a ga direba ya turo ƙofa ya fito da ƙafafunsa, yana kakkaɓe riga. Mutane su kan ce sauran kwana ne. Sauran kwana kam gaskiya ne, amma tare da shi akwai wani abin da ido bai cika lura da shi ba, watau wani keji na bututun ƙarfe da aka ƙera a cikin motar, wanda ya kewaye direba da abokin tafiyarsa ta sama da gefe da baya. Jikin mota ya lotse, rufi ya yamutse kamar gwangwani, amma wurin da mutum yake zaune ba ya matsewa.

A ƙasar Karaye da Rogo ba a tseren mota, ba kuma wanda ke roƙon a fara. Amma ana kifewa. Tarakta, wadda manoma ke kira tantan, ta kan kife a gefen kwari ko a bakin fadama, a-kori-kura ta kan kife ran kasuwa da buhuna da mutane a kanta, alhali gudun da suke yi ko kusa bai kai na motar tsere ba. Duk da haka mai tsere ya tashi da ƙafarsa, manomi kuwa sai an ɗauke shi. Bambancin da ke tsakaninsu ƙarfe ne da ɗamara, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin taraktar kanta. Saboda haka lokaci ya yi da hukuma za ta daina sayen ko tarakta ɗaya da kuɗin jama'a sai tana ɗauke da su.

Su ma masu tseren ba da wannan hikima aka haife su ba, da jini suka saye ta. A shekarun 1950 direba a buɗe yake zaune, kai da kafaɗu duk a waje, tankin mai yana bayansa ko yana gefensa. Juan Manuel Fangio, mutumin Ajantina wanda ya ci kambun duniya sau biyar tsakanin 1951 da 1957, da hular ƙyalle da riga mai gajeren hannu ya yi suna, domin sai cikin 1952 aka wajabta hular kwano a manyan tsere. Ɗamarar kujera kuwa gudunta ake yi. Abin da direbobin zamanin suka yi imani da shi shi ne, gara mota ta jefar da mutum waje da ta riƙe shi wuta ta cinye shi a ciki. Har akwai wani Ba'amurke, Masten Gregory, wanda ya shahara da miƙewa ya yi tsalle daga mota in ya ga karo ya zama dole. Cikin 1959 a birnin Berlin, motar Hans Herrmann ta wuntsila ta jefar da shi, ya tashi da 'yan ƙuje-ƙuje, hoton abin ya zaga duniya. Irin wannan labari shi ake ta yaɗawa a lokacin, domin waɗanda mota ta jefar sa'an nan ta danne su ba su tashi sun ba da nasu labarin ba.

Haɗarin da ya fi girgiza Turai shi ne na Le Mans a ƙasar Faransa, ran 11 ga watan Yuni, 1955, inda motar Mercedes ta Pierre Levegh ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka rasu har da shi kansa. Wannan ya sa aka dubi batun tsaron 'yan kallo. Batun kan direba kuwa daga Amurka aka fara ɗaukarsa da gaske. A zagayen farko na babban tseren Indianapolis na 1958, motar Pat O'Connor ta haye ta wani ta kife a kansa, ya mutu nan take. Shekarar da ta biyo, 1959, masu shirya tseren suka ce ba motar da za ta shiga fili sai an girka mata baka na ƙarfe a bayan kan direba, wanda zai taɓa ƙasa kafin kai ya taɓa. Tseren Formula One ya bi sahu cikin 1961, amma ɗamarar kujera ba ta zama dole a can ba sai 1972. Mai karatu ya lura da tazarar: shekara goma sha ɗaya ana kafa ƙarfe a bayan mutumin da ba abin da ke riƙe shi a ƙarƙashin ƙarfen.

Wanda ya fi kowa ƙoƙari wajen sauya tunanin mutane shi ne Jackie Stewart, mutumin Sikotilan. Cikin 1966, a filin Spa na ƙasar Beljiyam, ruwan sama ya kwashe motarsa ta faɗa gefen hanya, sitiyari ya maƙale shi, fetur yana kwarara a jikinsa har wajen minti 25. Ba ma'aikacin ceto ko ɗaya a kusa. Abokan tserensa biyu, Graham Hill da Bob Bondurant, su suka ari sifana a hannun wani ɗan kallo suka kwance sitiyarin suka fitar da shi. Daga ran nan ya riƙa liƙa sifana a cikin motarsa, ya kuma buɗe baki yana neman ɗamara da shinge da likitoci a kowane fili. An zage shi, an ce masa matsoraci, an ce yana so ya kashe armashin wasan. Ya ci kambun duniya sau uku, ya ajiye tsere da ransa cikin 1973, ga shi kuwa da yawa daga cikin tsararrakinsa ba su kai wannan shekara ba.

Har ila yau tarihin ya nuna ƙarfe shi kaɗai bai isa ba. A shekarar nan ta 1973, a Zandvoort ta ƙasar Holan, motar Roger Williamson ta kife ta kama wuta. Kifewar ba ta kashe shi ba. Abin da ya kashe shi rashin masu ɗaga motar ne, domin David Purley shi kaɗai ya tsayar da tasa motar ya yi ta fama ya kasa birkito ta. Kuma ƙarfen ma in bai cika ƙarfi ba, ya kan ci amana. Ran 3 ga watan Yuli, 2022, a Silverstone ta Ingila, motar Zhou Guanyu na ƙasar Sin ta kife tana ja a kan kwalta, bakan bayan kansa ya karye, sai wani zoben ƙarfe na biyu da aka wajabta cikin 2018 shi ya tsare masa kai. Hukumar tseren motoci ta duniya ba ta ce ai ya tsira shi ke nan ba. Ta binciki dalilin karyewar, ta tsananta gwajin bakan.

Wani zai ce duk wannan labarin Turai ne, ina ruwan Bakano? To, Kano ma tana cikin tarihin. A watan Mayu na 1974, albarkacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Jamus, an shirya wani dogon tsere daga Landan zuwa Munich, aka shata hanyarsa ta ratsa Sahara, ta bi ta Tamanrasset da Agadas ta sauko har Kano kafin ta juya arewa. Motoci da dama suka tashi. Wani kuskure a takardar hanya ya ɓatar da yawancinsu a hamadar Aljeriya, har da shahararren direban nan na Ingila, Stirling Moss, wanda tafiyarsa ta ƙare a cikin rairayi. Mota 19 suka isa Munich, biyar kaɗai daga cikinsu suka bi hanyar duka. Wasu mutanen Ostareliya uku suka ci da Citroën, amma ta biyu da ta uku duk Peugeot 504 ne, kuma ta biyun wasu mata biyu Faransawa ne suka tuƙa ta.

Wannan suna na 504 ba baƙo ba ne a kowace tasha ta ƙasar Hausa. Tun kafin ita, yayarta 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Ita 504 ta ci shi a 1975 a hannun Ove Andersson, ta sake ci a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Cikin 1975 ɗin nan ne kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara fitar da motoci, har Fijo ta zama motar ma'aikaci, motar hukuma, motar haya, motar kai amarya. 'Yan kamasho sun yi ta yabon ƙarfinta, ba su kuwa yi ƙarya ba. Sai dai abin da ba a faɗa wa fasinja ba shi ne, wadda ta ci Safari mutum biyu ne a cikinta, kowa da hular kwano, kowa a ɗaure da ɗamara, ga keji kewaye da su. Wadda ke lodi a tasha kuwa, mutum biyu ake cusawa a kujerar gaba kaɗai ban da direba, kaya kuma a kan rufi har sun fi motar tsawo. Suna ne ɗaya, mota biyu ce.

Haka samarin birni masu wasan mota a bikin aure, waɗanda ke juya mota a tsakiyar titi taya na hayaƙi abokai na leƙowa ta taga. Sun kwaikwayi gudun, sun bar kejin.

A Turai a yau waɗannan tsofaffin motocin tsere sun zama kayan gado, ana sayensu da kuɗi masu nauyi, ana kuma fitowa da su a sake tsere, kamar yadda ake yi a Goodwood ta Ingila tun 1998. Masu su mutane ne masu tsananin son a bar kowane ƙusa yadda maƙerin farko ya sa shi. Duk da haka dokokin tseren tsofaffin motoci sun wajabta wa da yawa daga cikinsu ƙarfen kariya da ɗamara waɗanda ba a ƙera su da su ba, masu su kuma suka haƙura suka sa. In mai adana tarihi ya yarda a taɓa masa motar da ya ɗauka tamkar ɗiya, wace hujja ta rage wa mai taraktar haya?

Ya kamata a fahimci yadda kejin yake, domin a nan ne ake yawan ruɗewa. Ba tarin ƙarfe ba ne kawai. Akwai babban baka da ke tashi daga ƙasan mota a bayan kujeru, ya bi ƙarƙashin rufi ya sauka ɗaya gefen. Akwai na gaba da ke bin ginshiƙan gilashi. Sa'an nan a haɗa su da sanduna ta sama da ta bakin ƙofa, a tokare babban bakan ta baya, a gitta masa wata sanda daga kusurwa zuwa kusurwa. Wannan gittawar ita ce sirrin abin, domin siffa mai kusurwa huɗu in an danna ta ta kan karkace ta kwanta, mai kusurwa uku kuwa ba ta karkacewa sai ƙarfen ya karye. Kowane magini da ya taɓa tokare azara ya san haka. Dokar hukumar tsere ta ce bututun babban baka ya zama na ƙarfe marar ɗinki, mai faɗin milimita 45 da kaurin milimita biyu da rabi, ko faɗin 50 da kaurin 2, kuma ƙafar kowane ginshiƙi ta zauna a kan farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3. In ba farantin nan, ranar da mota ta kife ginshiƙin zai huda ƙasan motar ya wuce kamar mashi, keji da rufi su sauko tare.

To, a kwatanta wannan da kejin da ake gani a bayan a-kori-kura da kanta masu zuwa kasuwannin Karaye da Rogo da na maƙwabta a Maƙarfi da Ɗanja. Mai walda ya haɗa shi da bututun ruwa ko siraran ƙarafa, ba gittawa, ba faranti, an ɗan ɗiga walda a bakin bodi. Ba laifinsa ba ne, domin ba kariya aka ce ya yi ba, abin tare buhu aka ce ya yi. Aikin wannan keji shi ne ya ba da damar a yi lodi sama da yadda maƙerin motar ya nufa, watau ya ɗaga nauyin mota sama, ya sa ta fi saurin kifewa a kan kwana ko in taya ɗaya ta faɗa rami. A saman buhunan kuma ga 'yan kasuwa da 'yan ƙwadago zaune, suna riƙe da ƙarfen suna jin kamar sun sami madogara. Ranar tsautsayi shi ne abu na farko da zai lanƙwashe a kansu.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya tafi wajen mai walda ya ce a ƙera masa keji a cikin ƙaramar motarsa. Keji a cikin motar da ba hular kwano, ba ɗamara mai ɗaure kafaɗu biyu, haɗari ne a kan haɗari, domin ƙaramin karo ma ya isa ya buga kan mutum da bututun. Motar gida an riga an ƙera ta da nata kejin a ɓoye, watau ginshiƙan da ke riƙe rufi. Abin da ake buƙata daga mai ita shi ne ya ɗaura ɗamara, kada kuma ya yarda a sayar masa da motar da ta taɓa kifewa aka yanke ginshiƙanta aka sake liƙawa aka shafe da fenti. Masu gyaran bodi sun san irinsu, masu duba lafiyar mota ma ya kamata su sani.

Inda darasin filin tsere ya dace sarai, ba tare da wani kwaskwarima ba, shi ne a kan tarakta. Karaye da Rogo ƙasar noma ce, ta dawa da masara da rake da shinkafa da tumatir da barkono, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa cikin 1992 noman rani ya ƙara kai mutane da injuna bakin ruwa, inda ƙasa ke da laushi da gangara. Tarakta a nan ba huɗa kaɗai take yi ba. Ita ce ke jan tirela da taki da yashi da rake, ita ce ke jawo motar da ta kafe da damina, ita ce kuma ke kwaso ma'aikatan gona da yamma, biyu a kan murfin kowace taya, wani a tsaye a kan ƙarfen ja.

Ita kuwa tarakta, yadda aka ƙera ta ya sa kifewa ta zama halinta. Doguwa ce, nauyinta a sama yake, kuma ba ta da abin da ke shanye girgiza kamar na mota. In tayar gefe ɗaya ta hau tudu ko gaɓar rafi ta zabge a ƙarƙashin ɗaya, sai ta kwanta ta gefe. Mafi muni ita ce kifewa ta baya. In aka ɗaura sarƙa a sama da ƙarfen ja aka ce ta tumɓuke kututture ko ta jawo babbar mota, tayoyin baya su kan ƙi juyawa, sai injin ya juya taraktar kanta a kan tayoyin, gaba ya tashi sama. Masana injunan gona sun auna, cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ɗaya ta wuce inda za a iya mai da ita, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta riga ta kwanta a kan direba. Ba gwanin da ƙafarsa za ta kai kan kuloci a wannan lokaci, balle ya yi tsalle. Direban da ke cewa shi zai diro kafin ta faɗi, maganar Masten Gregory yake maimaitawa bai sani ba.

Ƙasar Suwidin ce ta fara maganin abin. Cikin 1959, shekarar nan da Indianapolis ta wajabta baka, kuma shekarar da Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da ɗamarar kujera irin wadda ke cikin kowace mota a yau, gwamnatin Suwidin ta ce ba za a sake sayar da sabuwar tarakta ba sai da ƙarfen kariya. Daga baya aka faɗaɗa dokar ta haɗa da tsofaffi. Kafin dokar, a cikin kowace tarakta dubu ɗari ana rasa rai 17 a shekara ta hanyar kifewa. Bayan shekara talatin adadin ya sauko bai kai ko ɗaya ba. Ba manoman ne suka sauya hali ba, ba kuma taraktocin ne suka daina kifewa ba. Bakan ne ke tsayar da ita a kan gefenta ya hana ta birkicewa gaba ɗaya, ɗamara kuma ta riƙe direba a cikin ɗan filin da bakan ya tsare. Ingila ta bi cikin 1970. A Amurka kamfanonin da kansu suka yarda cikin 1985 su riƙa sa shi a kan kowace sabuwar tarakta.

Akwai masu ja, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. Mai tarakta zai ce bakan yana hana shi shiga ƙarƙashin mangwaro da ɗorawa, ko shiga rumfar ajiya. Wannan gaskiya ne, shi ya sa aka ƙera mai naɗewa, wanda ake kwantarwa a wuce a sake tayarwa. Direba zai ce ɗamara tana hana shi sauka da hawa sau hamsin a yini. Ita ma gaskiya ce, kuma a kan taraktar da ba baka, ɗaura ɗamara kuskure ne babba, tun da ɗaure mutum ne a wurin da nauyin zai sauka. Abu biyun tare suke tafiya ko a bar su tare. Ɗan kwangila zai ce farashi zai hau. Zai hau, amma da ɗan kaɗan, kuma wanda ya taɓa ganin gidan da mai nema ɗaya ya kwanta da karyayyen baya ya san wanne ne ya fi tsada. Masu cewa ajali in ya zo ba makawa kuwa, ba wanda ya musa musu. Sai dai su ɗin ma suna kulle ƙofa da dare, suna kuma sa wa rijiya murfi saboda yara.

Maganar ta fi shafar ma'aikatan gwamnati, domin kaso mai yawa na taraktocin da ke shiga ƙauyuka ta hannun hukuma suke biyowa: ta Ma'aikatar Gona, ta hukumar KNARDA, ta ƙananan hukumomi, ko ta ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Kowace daga cikinsu da takardar kwangila ake sayenta, kuma wani jami'i ne ke zama ya rubuta ƙarfin inji nawa ake so, garma iri kaza, taya iri kaza. Layi ɗaya ake roƙo ya ƙara: baka na kariya wanda aka gwada, da ɗamarar kujera. Ba sai an kai doka majalisa ba, ba sai an kafa kwamiti ba. Sa'an nan jami'in da ke karɓar kaya ya san bambancin baka da rumfar rana. Rumfa siraran ƙafafu huɗu ne da kwano a sama, inuwa kaɗai take bayarwa. Bakan gaskiya a kan gatarin baya ake ɗaure shi da manyan ƙusoshi, kuma yana ɗauke da ɗan allo na maƙera mai nuna gwajin da ya ci. A Ilorin akwai cibiyar tarayya ta injunan noma wadda gwada taraktoci yana cikin aikinta, ba abin da zai hana jiha ta nemi shaidarta kafin ta biya kuɗi.

Saura tsofaffin, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun manoma: Massey Ferguson na tun shekaru aru-aru, da Fiat irin waɗanda aka taɓa harhaɗawa a Kano, da Steyr na Bauci. Waɗannan ba a bakin titi za a yi musu baka ba, don abin da ya sami motar Zhou Guanyu ya isa gargaɗi, injiniyoyi ne suka ƙera nasa ya kuma karye. Amma samfuran ba su da yawa. Sashen injiniyan gona na Jami'ar Bayero, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, suna iya zana baka ɗaya ga kowane samfuri, su gwada shi da nauyi har ya nuna iyakarsa, sa'an nan a koya wa zaɓaɓɓun masu walda na Karaye da Rogo yadda za su ƙera shi daidai da zanen, da irin ƙarfen da aka ce, a buga masa lamba. Kowace shekara ɗalibai suna neman aikin da za su kammala karatu da shi, da yawa kuma su ƙare a kan injin da zai yi tsatsa a bayan ɗakin gwaji. Ga aiki nan wanda ke da mai jiransa.

Game da hanya kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa cikin 1988, ta fara tilasta ɗaura ɗamara tun ran 1 ga watan Janairu, 2003, kuma a kan manyan hanyoyi direbobi sun saba, ko da don gudun tara ne. Amma ikon jami'in hanya a bakin kwalta yake ƙarewa, gona ba ta cikin rabonsa. Can sai malamin gona da dagaci da shugabannin ƙungiyar masu tarakta. Su ne za su iya kafa ƙa'idar kujera ɗaya mutum ɗaya, su kuma hana a ɗora yara a kan murfin taya, domin baka mutum ɗaya yake tsarewa, wanda ke kan kujera. Batun a-kori-kura ya fi wuya, don talaka ba don sha'awa yake hawa kan buhu ba, kuɗin mota ne ya kore shi can. Kama direba a ci shi tara ba zai sauko da fasinjan ba. Abin da ƙungiyar direbobi za ta iya yi tun yanzu shi ne ta ƙayyade tsawon lodi a tasha, kada buhu ya wuce rufin gaba in za a ɗauki mutane, ta kuma ware motar mutane dabam ran kasuwa, ƙananan hukumomi su taimaka da abin da ya sawwaƙa.

Kafin a kai ga duk wannan akwai aikin da ba ya cin ko kwabo. Sashen gona na Ƙaramar Hukumar Karaye da na Rogo suna da malamai a gundumomi, daga Yammedi da Turawa har Zarewa da Fulatan da Ɓeli. Kafin saukar damina mai zuwa a ba kowannensu takarda ya rubuto taraktocin da ke aiki a yankinsa, na hukuma da na 'yan kasuwa, samfurin kowace, da wadda ke da baka, da wadda rumfa ce kawai, da wadda aka kwance nata aka jingine a bayan gida. Waɗanda aka kwance ɗin da su za a fara, tun da ƙusoshi kaɗai suke buƙata da mutum biyu masu ɗagawa.